Gadu Mai Karyayyen Haure

Kangundo, Fabrairu 1989

Zuwa ga Baba Anselmo Lobo, a Mombasa.

Gaisuwar girmamawa daga wadda ba ka sani ba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidanka.

Sunana Mutheu, ban daɗe da aure a nan Kangundo ba. Ranar kasuwa na sayo 'yan littattafan soyayya na hannu a Machakos, mai sayarwar ya naɗe mini su a tsohuwar jarida. A jikinta na ga sanarwarka, cewa kana tara jaridun da sojoji suka riƙa bugawa a barikinsu lokacin yaƙin duniya na biyu, da bajon rundunoni masu zanen barkwanci. Na karanta, na sake karantawa, har wake ya kama a tukunya.

Kakan mijina ya yi wannan yaƙi, yana gyaran manyan motoci a barikin Gilgil. Ka yi mini afuwa, ba zan rubuta sunansa ba. Matar gida ba ta kiran sunan tsohon gida, kuma sunan ne mijina ya ci, don haka su biyun duka sai dai in yi musu laƙabi. Kaka ya ce rundunarsu tana da jarida da ake gurzawa a inji, kuma shi ya zana dabbar da ke samanta, da ƙusa, a kan takarda mai kaki. Gadu ne ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba kamar yadda gadu yake kiwo, sifana a bakinsa, wutsiya a miƙe da 'yar tuta, hauren hagu a karye. Daga baya aka ɗinka shi a bajo, kowa ya maƙala a kafaɗa.

Kullum da safe yakan zana shi a ƙasa da sandarsa, kaji su bi su tattake. Mutanen gidan dariya suke yi, wai tsufa ne.

Likita ya ce jijiyar idonsa mutuwa take yi, ba aikin da za a yi mata. Yanzu ma tsakiyar abu kawai yake gani, gefe duk ya yi duhu. Ina so ya sake ganin gadunsa kafin duhun ya haɗe. In kana da jaridar ko bajon, ka ba ni aro, zan riƙe shi kamar ƙwai.

Ka huta lafiya.
Mutheu

*

Mombasa, Maris 1989

Zuwa ga Malama Mutheu.

Na karɓi takardarki, na gode da gaisuwa, ina kuma gaida tsohon.

Bajon yana wurina. Guda ɗaya ne, kuma ban san wani mai irinsa ba a ƙasar nan. Jaridar kuwa na daɗe ina nemanta, ko shafi ɗaya ban taɓa gani ba.

Sai dai abu biyu. Na farko, gadun da ke kabad ɗina haurensa biyu lafiya lau suke. Katin da na rubuta a ƙarƙashinsa ya ce wani kyaftin ne ya zana shi, kamar yadda wanda ya sayar mini ya faɗa. Tsofaffin sojoji sukan ga abu su so shi har ya zama nasu. Ba ƙarya nake cewa yana yi ba.

Na biyu, abin da ya shiga kabad ɗina ba ya fita. Na taɓa ba wani malamin makaranta aron bajon wata runduna mai zanen jimina, ya dawo mini da shi da tabon shayi. In tsohon zai iya zuwa Mombasa, ƙofata a buɗe take, ya kalla ta gilashi iya son ransa.

Da fatan ba za ki ɗauke ni mai rowa ba.
A. Lobo

*

Kangundo, Afrilu 1989

Yaya Kavindu,

Ina gaishe ki da kyau, ya zafin Mombasa, ya ɗinki? Mu ruwa ya sauka, masara ta kai gwiwa.

Ga amsar mutumin nan na haɗo miki ki gani. Wai Kaka ya zo Mombasa! Mutumin da zuwa coci ma sai an riƙe masa hannu. Na ɓoye a bayan rumbu na yi kukana na ƙoshi, sannan na wanke ido na kai wa Kaka shayinsa.

Ya ce, "Amarya, yau muryarki ta jiƙe. Yaron nan ne? Bar shi, ki dawo ɗakina, ni soja ne."

Na ce, "Sojan da ba ya iya gano takalminsa? Kaka, ina jaridun naku suka tafi ne, da ba a samun ko ɗaya?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wa ya ce miki ana ajiye jarida? Da an karanta sai a naɗe taba da ita. Gaduna ya shiga huhun rabin Gilgil." Can kuma ya ce, "Sai dai masu wayo. Mai wayo yakan dama kullun rogo ya liƙe cikin adakarsa da ita, don kada tsatsa ta ci masa kaya."

Yaya, kin san adakar ƙarfen nan da kowane soja ya dawo da ita, ta zama ta matarsa. Ta Kaka ta ƙone a gobarar rumbu tun kafin a haifi mijina, wanda nake ce wa Direba. Amma ba shi kaɗai ya je Gilgil daga yankin nan ba. Ya lissafo mini abokansa, yawancinsu sun rasu, matansu kuwa suna nan, kowace da adakarta a ƙarƙashin gado. Baba Lobo gidajen Turawa yake bi da wuraren gwanjo, shi ya sa bai samu ba. Ba wanda zai bar namiji baƙo ya leƙa adakar tsohuwa. Ni kuwa za a bar ni.

Na gaya wa Direba. Ya ce, "Ke da Kaka tafiyarku ɗaya. Shi yana zana tatsuniya a ƙasa, ke kina karanta ta a takarda." Surukata kuma ta ce in na kamo gadun in kawo ta dafa mana. Na ƙyale su. Duk ranar da na gama aikin gona da wuri, zan shiga motar Direba in sauka a ƙauyen da ke hanya.

Roƙona gare ki, ki je gidan Baba Lobo ki gano mini bajon da idonki, ki kuma tambaye shi yadda ake ɓamɓare tsohuwar takarda ba ta yage ba. Ina ganinsa a raina dogo, mai furfura a gefen kunne, yana tsaye bakin taga yana kallon teku, da wani baƙin ciki da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ƙanwarki,
Mutheu

*

Mombasa, Mayu 1989

Mutheu,

Lafiya lau nake, sai aiki. Na gaishe da surukanki.

Na je. Dogon naki iyakarsa kafaɗata, kansa kamar ƙwarya, tagarsa kuma bangon maƙwabci take kallo. Baƙin cikinsa ɗaya ne, kuma ya gaya mini tun ban zauna ba: gishirin iskar teku yana cin takardu. Ɗakin warin kafur, da kyanwa biyu, da kabad har rufi. Cikin kabad ɗin bajoji ne cike: zaki da laima, kada da tabarau, ɓauna tana tuƙa jirgi. Ya sa safar hannu fara kafin ya buɗe ko aljihun tebur. Na miƙa yatsa zan nuna gadun, ya yi ihu kamar na taka masa ƙafa.

Na ce, "Baba, ta gilashi ne fa."

Ya ce, "Gilashin ma gogewa ake yi, 'yata."

Gadun bai fi tafin hannun yaro ba. Ɗinkin hannu ne, kuma duk telan da ya yi shi ya san aiki, wannan ni zan gaya miki. Haure biyu, cif.

Ga abin da ya ce game da takarda. Kada ki kusantar da wuta. Ki jiƙa tsumma mai tsabta, ki matse shi sosai, ki shimfiɗa a kai ki tafi harkarki. In kullun ya saki, ki zura bayan wuƙa a hankali. In ya ƙi, ki sake jiƙawa, kada ki ja. Ya maimaita "kada ki ja" har na gaji. Da na tashi tafiya ya biyo ni har ƙofa yana tambaya ko da gaske ne maganar adaka.

Ni dai ga tawa shawarar. Amarya ce ke, ba a gama karantar halinki a gidan ba. Kada a ce ƙanwata tana yawon buɗe kayan tsofaffi. Ki rage karatun littattafan nan, su suke juya miki kai.

Yayarki,
Kavindu

*

Kangundo, Yuni 1989

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na sha yawo. Na ga adaka da aka liƙe da hotunan kalanda, na ga wadda gara ta cinye takardar sai kullu, na ga wadda aka mai da ita wurin ƙwan kaji. Wata tsohuwa ta kore ni da muciya, wai jikanta ne ya turo ni in ga abin da za ta bari. A gida kuwa Kaka ya fara zana gadun ba wutsiya, don ba ya ganin inda ya tsaya. Nakan bi in ƙarasa da yatsa ba tare da ya sani ba.

A ƙauyen Mbiuni na samu, a wurin wata tsohuwa. Sunanta Kaluki, mijinta ya yi Gilgil tare da Kaka. Ta sa na daka mata masara tukuna, ta ci muthokoi, dafaffiyar masarar nan da wake, ta ƙoshi, sannan ta ce in jawo adakar. Muka kwashe zannuwanta da farar rigar da ta ajiye ta ranar binne ta. Cikin murfin an liƙe shi da takardu, fuskarsu a kife. Amma tawadar ta huda ta baya. Yaya, na ga wutsiya a miƙe da 'yar tuta.

Na ce ta bar ni in ɓamɓare a nan. Ta ce, "A ɗakina? Ki jiƙa mini adaka, rigar tafiyata ta yi fumfuna?" Na ce to ta ba ni aronta. Ta kalle ni kamar na zage ta.

"Ke 'yar wa ce? Adakar mace ba ta fita ta bar gurbi a ƙarƙashin gado. Ranar da gurbin nan ya zama fili, ranar an fitar da ni ne. In kina so, kawo wata ta shiga kafin wannan ta fita, kuma wadda ta shiga ta shiga ke nan. Ba ta kasuwa nake so ba. Wadda aka kai mace ɗaki da ita."

Kin riga kin gane. Shuɗiyar da Mama ta saya mini da kuɗin saƙar kwanduna, mai furanni a murfi.

Na kwashe kayana na zuba a buhu, littattafaina na jera a kan katako. Direba ya shigo ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Ta marigayiya ce fa." Na ce na sani. Da safe shi ya ɗora ta a saman motarsa ya ɗaure da igiya, fasinjoji suna tsokanarsa wai ya kori amarya tun ba a je ko'ina ba. Shi kuma ya sauko da ta Kaluki, mai tsatsa, ya shigo da ita a kafaɗa.

Kada ki yi fushi da ni. Mama da kanta ba ta taɓa iya ganin tsoho yana lalube ta wuce ba.

Taki,
Mutheu

*

Mombasa, Yuni 1989

Mutheu,

Na samu takardarki.

Ina wurin lokacin da Mama take saƙar kwandunan nan. Ke kina makaranta. Ni na riƙa shafa mata mai a yatsu in sun tsage. Ba ta kai ga ganin ɗakinki ba, adakar ce ta je a madadinta, kin kuma ba da ita a kan zanen alade.

Kada ki sa mini sunan Mama a cikin wannan. Kada kuma ki sake aike na gidan mai kyanwa.

Kavindu

*

Kangundo, Agusta 1989

Zuwa ga Baba Lobo.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma godiya da koyarwar da ka aiko ta bakin yayata.

Na bi maganarka, ban ja ba. Abin ya ci lokaci fiye da yadda na zata. Takardun hawa uku ne, kullun ya zama kamar dutse, ga sanyin bana ya hana komai bushewa. Ta sama, wadda na hango wutsiyar a jikinta, ta narke a hannuna. Ta biyu jerin sakamakon ƙwallo ce da gargaɗi a kan sauro. Kullum in na ɗaga tsumman sai zuciyata ta ce ja kawai, Kaka ba shi da lokaci. Sai in zauna a kan hannuwana.

Ta ƙasan ta fito. Shafin farko ne, gefe ɗaya kyankyaso ya ci, amma gadun yana nan ɗungurungum, a durƙushe, da sifanarsa.

Na kai wa Kaka da rana tsaka, na zaunar da shi inda haske ya fi ƙarfi, na sa masa a hannu. Ya kai ta kusa da hanci, ya nesanta, ya juya kai gefe. Ya shafa ta da yatsa, takarda kuwa sumul take, ba abin da yatsa zai ji. Ya shinshina ya ce, "Rogo." Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ya yi kyau, amarya. Kin kyauta." A kife ya riƙe ta, Baba. Tun ranar bai sake zane a ƙasa ba.

Ga takardar nan na aiko maka, tsakanin bangon littattafaina biyu da na yage don kada ta lanƙwashe. Kyauta ce, ba ciniki ba. A wurinka za ta daɗe, a nan ɓera ne zai ci. Ka dubi hauren hagu.

Yayata tela ce, ta ce bajonka ɗinkin hannu ne, zaren ya tashi sama. Abin da ido ya kasa, yatsa zai iya. Na san ƙa'idar kabad ɗinka, na san labarin jimina. Amma zan roƙa, in ka ƙi zan sake roƙa, in ka gaji da buɗe takarduna zan zo in zauna a ƙofarka tare da kyanwoyin. Ka ara mini shi. Zan wanke masa hannu da sabulu da kaina, shayi kuwa ba zai kusanci ɗakin ba.

Ka huta lafiya.
Mutheu

*

Kangundo, Satumba 1989

Baba Lobo,

Gaisuwa da godiyar da ban san inda zan sa ta ba.

Ina shanyar wake sai ga Yaya Kavindu a bakin shinge da jakarta, ita da ta daina amsa takarduna. Ko gaisuwa ba ta yi mini ba. Ta ce, "Mutumin nan ya zo har shagonmu ya tsaya mini a ka, wai bai yarda da gidan waya ba. Ungo, kafin warin kafur ya kashe ni." Ta miƙo mini ɗan gwangwani, bajon a ciki, ta ce tun daga Mombasa yana cikin rigarta.

Safar hannun da ka haɗo ba mu sa masa ba, ka yafe mana. Da ita ba zai ji komai ba. Na wanke masa hannu, yana ta mita wai ko sabuwar amarya aka kawo masa. Kowa ya taru, har surukata da muciya a hannu.

Na sa masa bajon a tafi. Yatsansa ya bi gefen, ya hau bayan, ya sami wutsiya ya bi ta har tuta. Ya sauko kan gwiwoyi. Ya sami sifana. Da ya isa baki sai ya tsaya, ya koma, ya sake shafawa.

Ya ce, "Kai! Ɗan banzan telan nan! Sai da na ce masa ya bar shi a karye!"

Direba ya ce, "Wane tela, Kaka?"

"Telan bariki mana, mai kan kwakwa. Wai ba zai ɗinka wa rundunar Sarkin Turawa dabba mai naƙasa ba. Haƙorin Sajan Mbithi ne fa na zana, wanda hannun tayar da mota ya karya masa. Duk bariki an san gadun nan Mbithi ne, shi kaɗai ne bai sani ba!"

Ya yi dariya har hawaye, ya ci gaba da zagin telan da ya daɗe a ƙasa, ya faɗi yadda Mbithi yake tafiya, da yadda aka binne shi a hanyar Habasha. Ba wanda ya yi masa dariyar tsufa. Direba ya durƙusa ya ce a ba shi ya taɓa, Kaka ya ce, "Je ka wanke hannu."

Yaya ta shiga ɗakina ta ga adakar Kaluki a ƙarƙashin gado. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce murfin yana son fenti, in ba ni da shuɗi za ta aiko. Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba.

Yanzu ga matsalata. Yaya za ta koma ranar Lahadi, na kuma yi maka alkawari. Kaka ya sa bajon a aljihun ƙirji ya dafe da hannu, da shi yake cin abinci, da shi yake barci. Yau da safe ya fito da sandarsa ya zana gadun a ƙasa, yatsa ɗaya a cikin aljihu, har da wutsiya. Alkawari kaya ne, zan karɓe shi in ba Yaya. Amma in kana da hali ka ƙara mana ko zuwa girbi, ka aiko da wayar tangaraho kafin Lahadi.

'Yarka,
Mutheu

*

Mombasa, Satumba 1989

'Yata Mutheu,

Na gaishe ki, na gaida tsohon soja.

Wayar da na buga ta ce ki bar shi zuwa girbi, don kalma a tangaraho tsada gare ta. Ga sauran maganar. Kada ki ƙirga girbi. Ya zauna a aljihun da yake. A gurbinsa na sa jaridarki, mai karyayyen haure, kabad ɗina bai zama fili ba.

Tsohon katin na yage shi. Na san ba kya kiran sunan tsohon, don haka ki ba mijinki alƙalami ya rubuto mini shi cikakke, da manyan baƙaƙe, da na Sajan Mbithi a ƙasa.

Ku huta lafiya.
Anselmo Lobo